Daga Jakar Masu Sauraro: Wane Fenti Ya Dace Da Injin Tsohuwar Akori-Kura?

Kamar yadda muka saba, ga abin da aka karanta a filinmu na amsa wasiƙu, mun buga shi a nan saboda waɗanda aikin gona ko cin kasuwa ya hana su kama shirin. Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani direba a Bahindi, cikin ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi. Ga abin da yake cewa:

"Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon ku taimake ni da bayani. Ina da akori-kura Peugeot 404, wadda muke ce wa Fijo. Na gaje ta wurin mahaifina, shi kuwa ya saye ta tun zamanin mulkin Shagari. Da ita nike ɗaukar shinkafa da albasa da kifi zuwa kasuwannin Bagudo da Ka'oje da Tsamiya da Lolo, da ita nike ci da iyalina. Bara bayan damina na buɗe bonet na iske tsatsa ta cinye mazaunin batir, ta kama gefen inji. Sai na ɗauki ragowar fentin da muka shafa wa ƙofar gida, na ƙara da gwangwanin silba guda, na shafe komai da komai. Washegari mota ta ƙi tashi sai da turi. Da ta tashi kuwa sai hayaƙi da wari. Kafin sati biyu fenti ya kumbura ya ɓare, tsatsa ta dawo fiye da da. Yanzu na tara 'yan kuɗi ina son in sake, amma ina tsoron asara ta biyu. Wane fenti zan saya? Kuma gaskiya ne baƙin fenti na sa inji ya yi zafi?"

To, Malam, mun gode da wannan wasiƙa, Allah ya jiƙan mahaifinka. Motar taka ta cancanci a kashe mata kuɗi. Kamfanin Peugeot na ƙasar Faransa ya fito da 404 a shekarar 1960, akori-kurarta ta biyo baya a 1967, a Kaduna kuma aka fara haɗa motocin Peugeot a 1975. An daɗe da daina ƙera ta, saboda haka abin da tsatsa ta cinye a jikinta ba za ka shiga shago ka sayo sabo ba, sai dai mai walda ya yi maka faci. Shi ya sa fentin cikin bonet ya fi na waje muhimmanci ga mai neman abinci da mota. Na waje ado ne, na ciki kuwa shi ke tsare ƙarfe.

ME YA ƁARE FENTINKA?

Abu na farko shi ne zafi. Cikin bonet ba zafi ɗaya ba ne, wuri-wuri ne. Bangon bodi da ƙasan bonet suna ɗumama ne kawai, kamar kwanon rufi da rana. Jikin inji kuwa ruwan lagireto ke sanyaya shi, ruwan nan kuma yana aiki ne a wajen digiri 80 zuwa 95 a ma'aunin santigiret, wato dab da tafasa, tunda ruwa na tafasa a digiri 100. In ka yi lodin buhunan shinkafa ka shiga yashi da tsakar rana, wasu sassan jikin injin suna haura haka. Sai wuri na uku, bakin salansa, wato ƙarfen nan mai rassa da ke manne da gefen inji yana kwashe hayaƙi, wanda makanikai ke kira manifol. Shi zafinsa na kai digiri 400 har 600 da wani abu. Da dare, bayan doguwar tafiya da kaya, wani lokaci har ja za ka ga ya yi.

Fentin mai na ƙofa da taga yakan fara laushi da sauya launi da zarar zafi ya kai wajen digiri 100. Ke nan a jikin inji yana bakin iyakarsa, a kan bakin salansa kuwa ƙonewa zai yi. Hayaƙin nan da warin da ka ji, fentin ne ke toyewa.

Abu na biyu shi ne maiƙo. Injin da ya shekara arba'in yana aiki ya sha baƙin mai da giris har cikin ramukan ƙarfensa. Fenti ba ya kama maiƙo. Yakan kwanta a kai ne kamar fatar da ke kan kunu, da ya ji zafi sai man da ke ƙasa ya motsa ya ɗaga shi.

Abu na uku, tsatsar da ka rufe ba ta mutu ba. Tsatsa tana tasowa ne in ƙarfe ya haɗu da damshi da iska. Ɓawonta kuma yana riƙe damshi kamar soso. In ka shafa fenti a kai, ka kulle mata ruwanta ne a ciki, tana ci tana kumbura har ta fasa fentin.

Game da ƙin tashi kuwa, mun fi zargin abu biyu. Ko dai fenti ya shiga tsakanin bodi da kaurin wayar nan da ke fitowa daga ƙafar negetib ta batir, wuta ta rasa hanyar komawa, kik ya kasa juyawa. Ko kuma silban ya hau kan fulogi da murfin da wayoyin fulogi ke shiga. Silba garin ƙarfe ne a cikinsa, yana iya sa wuta ta bi ta waje maimakon ta shiga fulogi.

SAURAN ABOKAN GABA

Ban da zafi, akwai ruwa uku a cikin bonet da ke cin fenti. Fetur yana narkar da fenti mai rauni, musamman ƙarƙashin kafireto da famfon mai. Man birki ya fi shi ɓarna, domin irin wanda tsofaffin motoci ke sha, mai alamar DOT 3 ko DOT 4, yana ɗaye kusan kowane fenti in aka bar shi ya kwana a kai. Maganinsa a wanke da ruwa nan take. Na uku ruwan batir, wanda asid ne, shi ya cinye maka mazaunin batir.

Ku da ke yankin kogin Kwara kuna da ƙari. Taɓon fadama yana maƙalewa a kusurwoyi ya yi watanni bai bushe ba. Takin zamani da gishiri da ruwan kifi kuwa suna hanzarta tsatsa ƙwarai, kuma duk kayan da kuke ɗauka ne.

IRE-IREN FENTIN DA KE KASUWA

Fentin ruwa na bangon ɗaki, wannan a cire shi daga lissafi. Ba na ƙarfe ba ne.

Fentin mai na gida, irin wanda ka yi amfani da shi. Yana da araha, ana shafa shi da burushi, amma yana jinkirin bushewa, ba ya jure fetur sosai, ba ya jure zafi. In ba hali, ana iya lallaɓawa da shi a bangon bodi nesa da salansa.

Fentin selulos, wanda masu fentin mota suka daɗe suna fesawa. Yana bushewa cikin mintoci, yana da sauƙin gyara. Amma tina ɗin da ake sirka shi da shi yana da ƙarfi. In aka fesa shi a kan fentin mai, sai na ƙasan ya yamutse kamar fatar tsohuwa. Ka riƙe wannan da kyau, Malam, tunda akwai ragowar fentin ƙofa a motarka. Sai an kankare shi tas kafin selulos ya hau.

Fenti mai haɗi biyu, wanda ake zuba wa wani ruwa mai sa shi tauri, masu fenti na kiran ruwan hadna, a gwangwani kuma ana rubuta 2K. Shi ya fi jure fetur da baƙin mai, ya fi daɗewa a bangon bodi. Illarsa uku: tsada, in an haɗa shi dole a yi amfani da shi cikin 'yan awoyi ko ya daskare, sa'an nan tururinsa na da haɗari ga huhu.

Fentin inji, wanda aka yi musamman don jikin inji. Yawancinsa yana jure zafi har digiri 260, yana kuma jure mai. Ana samunsa a gwangwanin feshi, ana samun na burushi.

Fentin wuta, na bakin salansa, mai jure digiri 600 zuwa sama. Yawanci baƙi ne marar sheƙi, ko launin azurfa. A nan mutane ke ruɗewa, su ɗauka kowane silba na wuta ne. Launi ɗaya ne, haɗin daban. Sai ka ga adadin zafin a rubuce.

Sai baƙin fentin kwalta. Yana hana ruwa ƙwarai, ya dace da ƙarƙashin mota da cikin madigad. Amma zafi na narkar da shi, fetur da gas na wanke shi. Kada ya kusanci inji.

A ƙarƙashin duk waɗannan akwai furaima, wato shafin farko da ke kama ƙarfe ya riƙe na sama. Akwai jan nan da masu walda ke shafa wa ƙofofin ƙarfe, yana aiki a bodi. Akwai mai haɗi biyu da ake kira efoksi, wanda ya fi kowanne hana damshi da asid.

KARANTA GWANGWANI KAFIN KA BIYA

Kada ka tsaya ga abin da yaron shago ya faɗa. Nemi lambar zafi a jikin gwangwani, ka kuma duba harafin da ke bayanta. In C ne, santigiret ke nan, ma'aunin da muke magana da shi. In F ne, ma'aunin Amurka ne, kuma lambarsa ta fi girma ga zafi iri ɗaya. Gwangwanin da aka rubuta 500 F digiri 260 ne a namu, na jikin inji ke nan, in ka fesa shi a bakin salansa zai ƙone. Wanda aka rubuta 1200 F shi ne wajen 650 a namu, shi ne na salansa. Lissafin kasuwa mai sauƙi, in ka ga F ka raba biyu, abin da ya fito bai yi nisa da gaskiya ba.

Tunda kuna bakin iyaka, kaya na shigo muku daga Jamhuriyar Benin ta wajen Segbana da Malanbil, da rubutun Faransanci. Ga kalmomi huɗu da za ka rubuta a takarda ka tafi da su. "Haute température" na nufin mai jure zafi. "Antirouille" na nufin mai hana tsatsa. "Diluant" shi ne ruwan sirki, wato tina. "Durcisseur" shi ne hadna. Su da santigiret suke awo.

Girgiza gwangwanin feshi ka ji ƙwallon ciki na kaɗawa sakayau. In ba ya motsi, fentin ya daskare a gindi. Na buɗewa kuwa, in an buɗe ka ga kauri ya taru a ƙasa ya ƙi garwayuwa, bar musu kayansu. Ka sayi fenti da tina da hadna na kamfani ɗaya. Kada kuma ka yarda a sirka maka da fetur don a rage kuɗi. Araha ba ta ado.

KOWANE WURI DA NASA

Bangon bodi da ƙasan bonet: furaima, sa'an nan fentin mota launin da kake so.

Jikin inji, murfin sama da kaskon mai na ƙasa: fentin inji. Jikin injin 404 baƙin ƙarfe ne na zubi, yana karɓar fenti da kyau in an wanke shi.

Kan inji, wanda makanikai ke kira tof, na alminiyam ne a injin fetur na 404 da 504. Ba ya yin jar tsatsa, fenti kuma ba ya kama shi sai da furaima na musamman. Wanke shi ka bar shi yadda yake, ka huta.

Bakin salansa: fentin wuta, kai tsaye a kan ƙarfen da aka kankare. Kada a sa masa jan furaima, zai ƙone ya tafi da na sama. Wannan fenti sai ya gasu yake yin ƙarfi. Bayan ya bushe, ta da mota ta yi kamar minti 10 a tsaye, ka kashe ta huce. Sake tayarwa minti 20, ka kashe ta huce. Sa'an nan ka ɗan zaga da ita ba kaya. Za ka ga ɗan hayaƙi a karon farko, wannan ba laifi. In gwangwani ya faɗi wani tsari daban, bi nasa.

Lagireto: shafi ɗaya siriri na baƙin fenti, da feshi. Iska ce ke bi tsakanin siraran haƙoransa tana kwashe zafi. In ka cika su da fenti mai kauri ka toshe wa iska hanya, mota ta riƙa tafasa.

Mazaunin batir: wannan sai an fara kashe asid ɗin da ke wurin. Cire batir. Jiƙa kanwa a ruwa, irin ta miya da kunu, ka zuba a wurin. Za ka ga yana kumfa, kanwar ce ke kashe asid. Yi ta zubawa har kumfa ya daina, ka ɗauraye da ruwa mai kyau, ka bari ya bushe ƙayau. In ƙarfen ya huje a kai wa mai walda. Sa'an nan furaima, in da hali efoksi, da fenti shafi biyu ko uku. Yanko tsohon tiyub ka shimfiɗa kafin ka mayar da batir, ka kuma ɗaure shi da kyau, domin girgizar hanya ce ke zubo ruwan. Kada ruwan kanwa ya shiga cikin batir ɗin kansa, kashe shi zai yi.

WURAREN DA BA A SHAFA WA FENTI

Rufe waɗannan da takarda da salatif ko tsumma kafin a fara: ƙafafun batir da duk inda waya ke ɗaure da bodi, fulogi da wayoyinsu da murfinsu, kafireto, cikin janareton caji, fanbel da ramin da yake bi, robobin ruwa da na mai, haƙoran kusoshi, fuskar da gasket ke zama, bakin zuba mai da bakin lagireto. Kada a shafa cikin murfin inji ko cikin kaskon mai. In ya ɓare zai bi mai ya toshe hanyarsa, ka ga gyaran fenti ya zama sauke inji.

Sai lambar inji da farantin lambar bodi. Wannan mun ware shi musamman saboda ku mutanen kan iyaka, da kusan kowace tafiya sai an nemi takardu. In fenti ya cike lambar, jami'in da ke dubawa ba zai iya gwada ta da abin da ke takarda ba. In kuma ka sa sanfefa ko injin gurza ka cinye ta, ka jawo wa kanka zargin an sauya lamba, alhali motar ubanka ce. Wanke wurin da kananzir da burushi mai laushi, liƙa salatif a kai, in an gama ka ɓare ka shafa ɗan giris.

SHIRI SHI NE AIKIN

Kowane tsohon mai fenti zai gaya maka kwanakin wanki da kankara sun fi na shafi yawa. Fara da gyaran yoyo. In gasket na zubar da mai, ko bututun birki na tsatsafo, a gyara tukuna, in ba haka ba sabon fenti ba zai ga wata uku ba.

Cire batir, ka fara kwance ƙafar negetib. Bari inji ya huce. Kankare taɓo da daskararren giris da itace. Wanke da kananzir da burushi, sa'an nan ruwan zafi da Omo, sau biyu ko uku, domin kananzir ma yana barin maiƙo. Kada ka wanke da fetur. Tururinsa na bin ƙasa, tartsatsi ɗaya ko guntun sigari ya isa. Gwajin tsabta shi ne ka goga farin tsumma da ɗan tina a kai. In ya fito da baƙi, da sauran aiki.

Daga nan sai burushin waya da sanfefa, har ka ga hasken ƙarfe. Inda tsatsa ta yi ramuka, akwai ruwan kashe tsatsa da ake sayarwa, mai mayar da ita baƙa ta tsaya. Ranar da ka kankare, ranar za ka shafa furaima. Ƙarfen da ya kwana tsirara a bakin kogi, raɓa ta riga ta fara masa aiki kafin gari ya waye.

Wajen shafi, siriri sau biyu ko uku ya fi mai kauri sau ɗaya. Mai kauri yakan bushe a sama cikinsa ɗanye, da ya ji zafi sai ya yi ƙuraje. In da gwangwanin feshi ne, nisanta hannunka kamar taki ɗaya daga ƙarfen, kana tafiya da shi, kada ka tsaya wuri guda. Ka ba motar kwana biyu ko uku kafin ta koma lodi.

WANE LOKACI YA FI?

Damina ba ta dace ba, damshi na sa fenti ya yi hazo ya ƙi kamawa. Tsakiyar hunturu ƙura na sauka a kan ɗanyen fenti. A bazara, watannin Maris da Afrilu da Mayu, in zafi ya haura digiri 40 fenti na bushewa a iska kafin ya isa ƙarfe. Mafi kyau bayan ɗaukewar ruwa ne, ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba. Mun san lokacin ne kaka, lokacin da mota ta fi samun aiki, ba kowa zai iya ajiye ta mako guda ba. In haka ne, jira ranar da iska ta kwanta a watan Fabrairu, ko ka yi aikin da hantsi a inuwa, bayan raɓa ta tashi, kafin rana ta take. Yayyafa ruwa a ƙasa kewaye da mota don ƙura ta kwanta. Abin da ba ma so shi ne ka fara ana gobe kasuwar Tsamiya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

BATUN LAUNI

Baƙin fenti ba ya sa inji zafi. A rana ne baƙi ke jan zafi, cikin bonet kuwa ba rana. Ruwa da lagireto da fanka su ke sanyaya inji. In motarka na tafasa, duba waɗannan, kada ka zargi launi. Amfanin launi a wani wuri yake. Toka-toka ko wani launi mai haske yana nuna maka ɗigon mai tun yana ƙarami, ka gane daga ina yake fitowa. Baƙi kuwa ɓoye shi yake yi. Ga mai bin hanyoyin ƙauye nesa da gareji, mun fi ba da shawarar mai haske.

LAFIYARKA DA TA IYALINKA

Tsofaffin fentoci da yawa, musamman ja da rawaya, akwai dalma a cikinsu. Mutanen Arewa sun san aikin gubar dalma tun abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Can daga dutsen zinariya da ake niƙawa a gida ta fito, amma guba ɗaya ce, kuma yara ta fi kamawa. Saboda haka kada a kankare tsohon fenti a tsakar gida inda yara ke rarrafe ko ake shanya hatsi. Jiƙa sanfefa da ruwa don ƙura ta kwanta, wanke hannu kafin cin abinci, kayan aikin kuma a wanke su daban. Gwangwanin fenti kada ya zama na ɗiban ruwa ko awon hatsi.

Feshi a fili ake yinsa, iska na bayanka. Fenti mai hadna yana iya sa wa mutum asma ta dindindin, ƙyalle ko rawani a hanci ba ya tare tururinsa, sai takunkumi mai matatar gawayi, shi ma a fili. In ba ka da shi, kai wa masu sana'ar a Birnin Kebbi ko Jega ko Yawuri, ko ka zaɓi fentin burushi. Madarar da masu fenti ke sha bayan aiki abinci ce mai kyau, amma ciki take zuwa, ba ta wanke huhu.

IN KUƊIN BA SU KAI BA

Bi wannan jeri. Na farko mazaunin batir da ƙarƙashin tukunyar man birki, domin nan ne ƙarfe ke hujewa. Na biyu kusurwoyin bodi da inda bodi ya haɗu da shasi, inda taɓo ke kwana. Na uku jikin inji. Bakin salansa shi ne na ƙarshe, ƙarfe ne mai kauri, yana shekaru da jar tsatsa a kai bai huje ba. Gwangwanin furaima da na hadna sun fi ƙarfin mota ɗaya, ku haɗa kuɗi ku biyu ko uku a tasha ku raba.

Kafin mu rufe, wani ɗan kasuwa daga Illo ya aiko da tambaya mai kama da wannan. Ya ce an kawo masa akori-kura 504 ta sayarwa, injinta na ƙyalli da sabon silba, shin alamar an kula da ita ne?

To, Alhaji, a yi hattara. Mai kula da mota ba ya fesa wa robobi da wayoyi fenti. In ka ga silba ya hau kan komai har da fanbel da taɓon da ke kusurwa, an yi ne don idon mai saye. Sabon fenti na rufe tsagewar jikin inji da facin walda da yoyon mai. Je da makanikenka. A ta da ita tun da sanyin safe kafin kowa ya ɗumama ta, a yi tafiya da ita da kaya, a tsaya a kan busasshiyar ƙasa a leƙa ƙarƙashi. Duba sandar awon mai, in man ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa na shiga. Ɗaga batir ka ga mazauninsa. Sa'an nan gwada lambar inji da ta bodi da abin da ke takardu, harafi da harafi, kafin kuɗi su fita daga aljihunka.

Malam na Bahindi, muna fata wannan ya wadatar. In ka gama aikin ka rubuto mana yadda ta kaya, don sauran direbobi su ƙaru. Masu tambaya kan noma, kiwo, kasuwa ko gyaran injin ban-ruwa, a ci gaba da aiko mana, a rubuta sunan gari da kyau. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya kiyaye hanya, ya sa a sauke lafiya.